Awa huɗu suka ce, na yi awa 19

Saƙon ya shigo ne ranar Alhamis bayan la'asar, ina tsaye a shagon mai cajin waya na bakin layinmu ina jira wayata ta ɗan ɗauka. Ƙarshen Oktoban 2024 ne, mutanen Kano da Kaduna da Bauchi ba sai na tuna muku ba, lokacin nan da kusan duk Arewa ta haura sati a cikin duhu saboda an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ake lallaɓawa da shi wanda ya biyo ta Makurdi shi ma ya samu matsala. Ƙanƙara ta zama sai wane da wane, litar fetur ta haura naira dubu, masu caji kuwa layi ake musu kamar gidan mai.

Wata mata ce daga wani kamfani a Turai, ita ke kula da ɗaukar ma'aikata, dama mun yi magana ta bidiyo kamar minti 20 a satin da ya wuce kuma na ji a jikina hirar ta yi kyau. Ta ce sun ji daɗin hirar, mataki na gaba ɗan aikin gwaji ne da zan yi a gida, abun da 'yan harkar ke ce wa tek-hom, kuma a cewarta bai kamata ya ci min sama da awa 4 ba, in turo kafin safiyar Litinin. Na buɗe takardar a waya. Wai in gina API, wato ɓangaren manhaja da ke karɓar buƙata ya mayar da amsa, na kama ɗakin taro a ofis, mutum ya yi rajista ya shiga, ya ga ɗakunan da ke akwai, ya kama ɗaya daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ya iya sokewa. A yi shi da Node da rumbun bayanai na PostgreSQL, a rubuta tes, wato 'yan gwaje-gwajen da ke duba ko kod ɗin na aiki daidai, a sa shi a Docker, manhajar da ke ƙunshe aiki yadda zai tashi a kowace kwamfuta, a rubuta README, takardar bayanin aikin. Can ƙasa kuma akwai wani sashe da suka ce ba dole ba ne amma zai ƙara maka maki: a sa Redis, a ɗora shi a intanet yadda za su iya taɓawa, in da hali a yi masa 'yar fuska da React.

Wallahi farin ciki na fara yi. Wata bakwai kenan ina tura CV, yawanci ko amsa babu, yau ga wasu sun ce nuna mana hannunka.

Matsalar farko wuta. Laftof ɗina in ya cika tsaf awa biyu da rabi yake yi, in kuma Docker na gudana ko biyu ba ya kaiwa. Yayana yana da kemis kuma ya sa sola saboda firjin allurai, na je na same shi na ce Yaya don Allah ina neman alfarma, ya ce da rana kam babu wuri mutane na shige da fice, amma in ka ga dama ka zo bayan isha'i in ba ka mukulli, sharaɗi ɗaya kar ka kunna fanka, in inbata ta fara kuka ka cire naka ka bar wa firji. Haka aka yi. Dare uku ina zaune a kan kwalin magani, laftof a kan kanta, warin Dettol da sauro, waya a jingine jikin taga saboda nan ne kawai sabis ke kawo sanda uku. Saukar da kayan Docker kaɗai ya cinye min wajen minti 50 da data mai yawa saboda sau biyu yana yankewa in sake daga farko, ban rubuta layin kod ko ɗaya ba amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na awa huɗun nan ya tafi.

Wurin da na fi daɗewa a kai, kuma har yau ina alfahari da shi, shi ne maganar mutum biyu su kama ɗaki ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Takardar ba ta ambaci wannan ba ko kaɗan, amma duk wanda ya taɓa yin irin wannan aikin ya san nan ne ramin yake. Hanyar da kowa zai fara bi ita ce ka duba ko ɗakin babu kowa a lokacin, in babu sai ka rubuta sunan mai nema. To amma tsakanin dubawar da rubutawar akwai ɗan tsaiko, komai ƙanƙantarsa, in buƙata biyu suka shigo tare duka biyun za su ga ɗakin a buɗe, duka biyun su rubuta, gobe mutum biyu su haɗu a ƙofa kowa na cewa nasa ne. Na ƙi yarda in bar wannan a hannun kod ɗina, na miƙa shi ga rumbun bayanan da kansa, PostgreSQL na da wata ƙa'ida da za ka kafa wa tebur ta hana lokuta biyu su hau kan juna a ɗaki ɗaya, duk wanda ya zo na biyu sai ta mayar da shi. Na rubuta tes da ke harba buƙata 20 a tare, ɗaya ta wuce, 19 suka dawo da kuskuren da ya dace. Ƙarfe ɗaya da wani abu na dare ne, inbata ta fara ƙara, na cire caja na ci gaba da batir, ni kaɗai a shagon ina murmushi. Na rubuta sakin layi guda a README ina bayanin dalilin da ya sa na zaɓi haka, ina ta hango injiniyan da zai karanta ya gyaɗa kai.

Ranar Asabar akwai ɗaurin auren wani abokina tun na firamare. Na je, ana shafa fatiha na gaisa da ango na sulale, ban tsaya walima ba, na dawo gida in ɗan runtsa saboda daren. Umma ta ga yadda idona ya yi ja ta ce, kai wai aikin ne ka samu ba ka faɗa min ba? Na ce a'a Umma gwaji ne dai suke min. Ta ce to nawa za su ba ka na gwajin? Na ce ba a biya. Ta yi shiru tana tsince shinkafa, can ta ce, ni dai na san ko sabon tela ka kai wa yadi don ka ga hannunsa, in ya ɗinka sai ka ba shi kuɗin ɗinkinsa, in bai maka ba dai ba ka komawa. Na ce Umma harkar kwamfuta daban ce. Ta ce Allah ya ba da sa'a. Ban samu amsar da zan ba ta ba a ranar, kuma gaskiya har yanzu maganarta ta fi tawa ƙarfi.

Da asubar Litinin na gama, na lissafa awowin da na rubuta a bayan wata takardar magani, 19. Na yi duk abun da suka ce dole, na yi Redis, na ɗora shi a intanet, fuskar React ce kawai na bari. Kamar yadda suka umarta, na ajiye kod ɗin a rufe a GitHub, shafin da masu kod ke ajiye aikinsu, na tura wa injiniyansu gayyata ta sunan da suka ba ni, na rubuta wa matar nan imel cewa na kammala. Ta amsa da layi ɗaya cewa ta gani, za su waiwaye ni cikin satin.

Sati ya wuce, na biyu ya shiga, na tura tuni cikin ladabi, shiru. Rana ta 16 sai ga imel daga adireshin nan da ba a iya mayar masa da amsa, wai sun gode da lokacina, bayan nazari mai zurfi sun yanke shawarar ci gaba da wasu masu neman. Babu kalma ɗaya a kan aikin. Na ce to ba komai, wataƙila wani ya fi ni, dama ba kullum ake kwana a gado ba. Sai da daddare na shiga GitHub don in cire injiniyan nasu daga ma'ajiyar, a nan ne na ga abun da ya tsaya min a wuya har yau. Gayyatar GitHub kwana 7 take yi, in ba a karɓa ba sai ta mutu. Tawa ta mutu. Ba a taɓa karɓarta ba. Na duba log, wato rajistar masu shiga, na inda na ɗora aikin ko ta can suka leƙa, duk shigar da ke ciki tawa ce, daga wayata, daren Lahadi. Wato tes ɗin nan na buƙata 20, da sakin layin da na zauna na tsara a README, da walimar da na bari, babu ɗan Adam ɗin da ya buɗe ya gani. Ƙin ɗaukata bai min ciwo ba kamar kalmar nan ta nazari mai zurfi.

Duk da haka in ka tambaye ni yau a soke tek-hom gaba ɗaya, zan ce a'a, kuma da gaske nake. Saboda na san ɗayar hanyar. Na taɓa zama a intabiyu na kai tsaye, mutum biyu na kallona ta kyamara, an buɗe min fili a CoderPad, shafin da kake rubuta kod suna gani, an ce minti 40, warware wannan kuma ka riƙa faɗar abun da kake tunani da baki. Tunanina da Hausa yake zuwa, sai na juya shi Turanci kafin ya fito, ga sabis na jan ƙafa in na buga harafi sai bayan daƙiƙa biyu ya bayyana a wurinsu, ga janaretan maƙwabci, ɗayan ya ce in maimaita bai ji ba, na maimaita, zaren tunanin ya tsinke. Tambayar ba ta fi ƙarfina ba, bayan an kashe kiran na warware ta cikin minti goma ina zaune a wurin ban ko tashi ba. Wanda bai yi wata jami'ar da aka sani a waje ba, bai taɓa aiki a kamfanin da sunansa kaɗai ke buɗe ƙofa ba, harshensa kuma ba irin wanda kunnensu ya saba da shi ba, aikin gida ne kusan wuri ɗaya tilo da aikinsa zai yi magana kafin a ji muryarsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, ni ban ƙi gwaji ba.

Kuma ba mu kaɗai ke kuka da intabiyun allo ba, wato irin wannan da ake sa ka warware tambaya ana kallonka, can ma inda aka ƙirƙiro shi sun daɗe suna yi. A 2015 Max Howell, wanda ya rubuta Homebrew da masu Mac ke girka manhajoji da shi, ya fito a Twitter ya ce Google sun ƙi ɗaukarsa don ya kasa juya wata bishiyar bayanai a kan allo alhali injiniyoyinsu da yawa da abun da ya rubuta suke aiki, maganar ta zaga duniya. A 2017 David Heinemeier Hansson mai Ruby on Rails ya ce shi kansa in aka tsayar da shi gaban allo zai faɗi tambayar jera lambobi mafi sauƙi, kuma kullum sai ya duba intanet yake rubuta kod, manyan injiniyoyi suka yi ta biyo shi kowa na faɗin nasa. Sannan a 2020 masu bincike a Jami'ar Jihar North Carolina tare da Microsoft suka gwada ɗalibai 48, wasu aka bar su su kaɗai a ɗaki da tambayar, wasu aka sa mutum ya tsaya yana kallonsu suna bayani, waɗanda ake kallo ƙoƙarinsu ya faɗi da kusan rabi. Abun da ya fi taɓa ni a binciken, matan da aka gwada a gaban mai kallo duk sun faɗi, waɗanda aka bari su kaɗai kuma duk sun ci. To ka ga tek-hom da niyya mai kyau ya zo, a cire wa mutum idon da ke kansa a bar shi ya yi aiki yadda ake aiki na gaskiya, da Google ɗinsa a buɗe da shayinsa a gefe.

Inda abun ya lalace shi ne wa ke biyan kuɗin lokacin. A intabiyun kai tsaye in na zauna awa ɗaya, injiniyansu ma ya zauna awa ɗaya, albashinsa na tafiya, don haka kamfani ba zai kira mutum 200 ba, sai ya tace ya kira waɗanda da gaske yake tunanin ɗauka. Tek-hom kuwa tura shi kyauta ne, danna maɓalli ɗaya ya tafi wa mutum 10 ko 300 duk ɗaya ne a wurinsu. Ga shi kasuwa ta juya, daga Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023 kaɗai Meta ta sallami mutum 11,000, Amazon 18,000, Google 12,000, Microsoft 10,000, duk waɗannan suka dawo layi ɗaya da mu masu neman aikin rimot daga Kano da Zariya. Guraben juniya suka ƙafe, mu nan ma mun fara ganin alamar tun 2019 da Andela, kamfanin da ke haɗa injiniyoyin Afirka da kamfanonin waje, ta sallami ƙananan injiniyoyi wajen 400 ta koma neman ƙwararru. In masu nema sun yi yawa sai aikin gwajin ya tashi daga ma'auni ya koma rariya, a tura wa kowa, wanda ya gaji ya zube da kansa, a cikin waɗanda suka turo a buɗe biyar na farko, in an samu wanda ya yi sai a rufe sauran ba a gani ba. Ina kyautata zaton abun da ya same ni kenan.

Maganar awa 4 ɗin ma akwai zalunci a cikinta ko da ba da gangan ba. Wanda ya tsara tambayar ya riga ya san amsar, kayan aikin na kan kwamfutarsa a girke, shi kam zai iya yi a awa huɗu. Sannan babu mai riƙe agogo. In ni na tsaya a awa huɗu tsakani da Allah, wani ya kwana uku a kai ya ce shi ma awa huɗu ya yi, mai dubawa zai ajiye nawa kusa da nasa ya ga nawa kamar ban damu ba. Kowa ya san haka shi ya sa kowa ke wuce lokacin, kuma sashen nan da ake cewa ba dole ba ne, kowa ya san dole ne.

Akwai wata 'yar'uwa a wani gurup ɗinmu na masu kod, ta fi ni iya furontend, wato gina fuskar manhaja, nesa ba kusa ba, tana koyarwa a makaranta da safe, tana da yara biyu. Ta ce min ita lokacinta na kanta daga ƙarfe goma na dare ne zuwa sha biyu, in ƙaramin bai farka ba. Aikin da ni mai zaman gida ba mata ba ɗa na yi a dare uku, ita sai ta yi kusan kwana goma, dedlayin kuma kwana uku ne. Ta ce yanzu in ta ga takardar ta wuce shafi ɗaya rufewa kawai take yi. Abun da ke damuna shi ne kamfanin ba zai taɓa sanin ya rasa ta ba, a lissafinsu ta shiga cikin waɗanda ba su da himma. Hanyar da binciken can ya nuna ta fi yi wa mata adalci, ita ce aka kumbura ta har ta koro irinta waje. Haka mai aikin da yake so ya canza, haka mai jinyar mahaifi, haka wanda sai ya sayi fetur kafin ya kunna kwamfuta.

Sai kuma masu cin gumin mutane da sunan gwaji. A ganina a ɓangaren kod wannan bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kod ɗin da baƙo ya rubuta a kwana biyu da wuya ya shiga cikin manhajar kamfani haka nan, gyaran sa ya fi rubuta sabo wahala. Amma masu zane da masu rubutu da 'yan talla abun na cin su sosai. Wani abokina mai zanen manhaja, wani ƙaramin kamfani a nan gida Najeriya suka ba shi gwaji wai ya sake zana shafin biyan kuɗinsu, da tambarinsu da kalolinsu da ainihin matsalar da kwastomominsu ke kuka da ita, ya yi ya tura suka ce bai dace da su ba, bayan wata biyu ya buɗe manhajar ya ga tsarinsa an ɗan canza kalar maɓalli. Ni dai yanzu ma'aunina ɗaya ne, in aikin da aka ba ka gobe za su iya ɗora shi su ci kuɗi da shi to ya tashi daga gwaji ya zama kwangila, a yi ciniki. Kuma ba abu ne da ba a taɓa yi ba, Automattic masu WordPress.com sun shahara da gwajin da suke biyan mai nema dala 25 a kowace awa, aiki na gaske kake yi da su na wasu makonni kowa ya ga halin kowa. Maganar Umma ce dai ta tela, wasu sun riga sun gane ta.

ChatGPT da ya fito ƙarshen Nuwamban 2022 ya ƙara dagula lissafin. API irin wanda aka ba ni, yau na'ura za ta zubo maka kashi mafi yawa cikin 'yan mintuna, masu dubawa sun sani, sai wasu suka ƙara wa aikin girma wai don ya fi ƙarfin na'urar, wanda a ƙarshe mutum mai gaskiya ne ke ɗaukar nauyin, wasu kuma suka daina yarda da duk abun da aka turo, in ya yi kyau su ce ba kai ka yi ba. Maganin kuwa a bayyane yake kuma ba shi da tsada, ka kira mutumin minti 30 ka ce buɗe kod ɗinka, me ya sa ka yi nan haka, in aka ce ɗaki ɗaya zai iya ɗaukar taro biyu in ƙanana ne ina za ka taɓa. Wanda ya yi da hannunsa ko ya yi da taimakon na'ura amma ya fahimta, bakinsa zai buɗe. Wanda ya kwafo, rigar aro ce, minti biyar ta isa a gane. Sai dai wannan na buƙatar injiniya ya zauna, abun da tun farko ake gudu kenan.

Na ga yadda ake yin sa da kyau sau ɗaya, kuma su ma ba su ɗauke ni ba. Wani ƙaramin kamfani ne, maimakon su ce gina daga tushe sai suka ba ni 'yar manhaja da ke aiki, da bog, wato kuskuren kod, guda biyu a ciki da ƙaramin abu ɗaya da za a ƙara. Ni na zaɓi ranar da lokacin, agogo ya fara daga sanda na buɗe, awa 2 cif ya rufe, kowa daidai. Suka ce in lokaci ya ƙare ban gama ba in rubuta abun da da zan yi. Washegari muka zauna minti 45 da injiniyarsu, ta karanta kod ɗin layi-layi, har ta tambaye ni wani suna da na ba wani fankshan. Bayan kwana huɗu ta rubuto da kanta cewa sun ɗauki wani, amma ga abun da ta gani: shafin jerin oda da na gyara yana zuwa rumbun bayanai sau ɗaya don jerin, sannan ya sake komawa sau ɗaya-ɗaya don kowace oda, oda 500 tafiya 501 kenan, ta nuna min yadda zan haɗe su a tafiya ɗaya ko biyu. Sakin layi uku ne duka. Na yi sati ina bin tsofaffin ayyukana ina samun kuskuren nan a ko'ina, kuma a intabiyun da na samu aikin da nake yi yanzu sai da aka tambaye ni ainihin wannan. Har yau in na tuna matar nan addu'a nake mata.

Ƙannenmu da ke fitowa daga 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani, da sauran wuraren koyo suna yawan turo min takardun gwajin da aka ba su suna tambaya Yaya in yi ko kar in yi. Ba na ce wa kowa kar ya yi, wanda bai da komai a GitHub wani lokacin aikin ma riba ne, ya ajiye shi a matsayin abun nunawa, kuma mai neman na abinci ba a ce masa ya yi zaɓe. Abun da nake ce musu kafin ka taɓa kibod ka mayar da imel cikin ladabi ka tambaya, shin akwai wanda zai zauna da ni mu duba aikin bayan na turo, mutum nawa ne suka kai wannan matakin, kuma in ba a ɗauke ni ba zan samu ko layi biyu na dalili? Kamfanin kirki ba ya jin haushin wannan. In aka yi shiru kwana uku ba amsa to ka riga ka ga yadda za a yi da aikinka. Ka rubuta a README awa nawa ka yi da abun da ka bari da gangan. In kuma babu wuta ko sabis ka faɗa ka nemi ƙarin kwana biyu, ni kunya ta hana ni a wancan lokacin, ina tsoron kar su ce ɗan Najeriya ya fara kawo uzuri tun ba a ɗauke shi ba, daga baya na ga mutane na nema ana ba su.

Watan jiya abun ya juyo kaina. Inda nake aiki za mu ɗauki juniya ɗaya, shugabana ya ce in tsara gwajin in kuma duba. Na roƙe shi abu biyu, kar mu tura wa kowa sai waɗanda muka riga muka yi magana da su, kuma kar su wuce adadin da zan iya karantawa. Muka tsaya a mutum 12, gyaran bog na awa 2. Sai da na zauna dubawa na gane nauyin, kowane ɗaya sai na sauke shi na kunna na karanta, kusan minti 40, ga aikina na kullum na jira, a na bakwai idona ya fara tsallake layi, na ji a raina yadda mutum zai ce ai na samu mai kyau a na uku, sauran a tura musu imel ɗin nan. Na rufe laftof na bari sai washegari. Kwana huɗu na ɗauka, na rubuta wa duka 11 da ba mu ɗauka ba, kowa da abun da ya yi daidai da inda ya zame.

Ɗaya daga cikinsu, wani yaro daga Gusau, ya manta bai kula da abun da zai faru ba in aka turo fom babu lambar waya, manhajar sai ta faɗi gaba ɗaya. Na nuna masa layin, na ce amma yadda ya raba kod ɗinsa ƙanana-ƙanana ya burge ni. Ƙarfe biyu saura na dare amsarsa ta shigo. Ya ce Yaya na gode, wannan ne gwaji na shida da na yi bana kuma yau ne karon farko da na tabbatar wani ya buɗe, na gyara wurin na sake turawa, in ka samu lokaci ka duba min ko yanzu ya yi. Da safe kafin in fara aiki na sauke, na tura fom ɗin babu lamba, ya dawo min da saƙon kuskure a tsare, har ya ƙara tes guda biyu a kai.